Abin da Na Koya Wajen Gyara Raunin Wi-Fi a Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Kusan wata huɗu na yi ina fama da kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda ta daina riƙe intanet yadda ya kamata a ɗakin da nake aiki. Alamar Wi-Fi da ke ƙasan allo takan nuna sanda biyu, wani lokaci ɗaya, kuma sau da yawa ina tsakiyar ganawa ta bidiyo sai murya ta fara kakkatsewa, hoto ya daskare, daga nan haɗin ya yanke gaba ɗaya har sai na kashe shi na sake kunnawa. Abin da ya kamata ya ankarar da ni tun a makon farko shi ne, wayar hannuna da ke ajiye a kan teburi ɗaya da kwamfutar tana buɗe duk abin da na nema ba tare da gargada ba. Kullum ina ganin hakan, amma ban ɗauke shi a matsayin shaida ba, domin hankalina ya riga ya karkata ga shawarar da kowa yake bayarwa, wato a sayo na'urar da ke ƙara wa sigina nisa. Saura kaɗan in saya, kuma da na saya da matsalar tana nan daram, domin ba a nan gizo yake saƙar ba. Al'amarin bai fara warwarewa ba sai ranar da na daina dogaro da sandunan nan na koma aunawa da lambobi.

Akwai wata rarrabewa da ya kamata a fara yi kafin a taɓa komai. Intanet ɗin da ke isowa ga kwamfuta hanya biyu yake bi a jere, ta farko daga kamfanin sadarwa zuwa na'urar rarraba intanet da ke cikin gida, wadda aka fi sani da rauta, ta biyu kuma daga rautar zuwa kwamfutar ta cikin iska. Wannan hanya ta biyu kaɗai ita ce Wi-Fi. Saboda haka mutum yana iya samun cikakkiyar sigina amma intanet ɗinsa yana jan ƙafa, idan matsalar tana ɓangaren kamfani, kuma a irin wannan hali babu wani gyaran cikin gida da zai amfane shi. Ana iya raba gardama cikin minti biyu. A kwamfuta mai Windows, sai a buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a rubuta ipconfig, a duba lambar da ke gaban Default Gateway, wadda galibi 192.168.0.1 ce ko 192.168.1.1, kuma ita ce adireshin rautar. Daga nan sai a rubuta ping -n 50 a biyo da wannan lamba. Kwamfutar za ta aika wa rautar ƙananan saƙonni 50, ta kuma nuna tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka kafin amsarsa ta dawo. Lafiyayyen haɗi yakan dawo da amsa cikin 'yan milisakan kaɗan (milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), yawanci ƙasa da 10, ba tare da ko ɗaya ya ɓace ba. Nawa kuwa ya riƙa tsalle zuwa ɗaruruwa, wasu saƙonnin ma ba su dawo ba sam, kuma wannan ya wanke kamfanin sadarwa daga zargin da na daɗe ina yi masa.

Sandunan da ke kan allo ba ma'auni ba ne da za a gina hukunci a kansa, domin kowane tsarin kwamfuta ko waya yana da tasa hanyar mayar da ƙarfin sigina zuwa sanda uku ko huɗu. Ainihin ma'aunin shi ne wanda ake rubutawa dBm, kuma lambarsa tana zuwa da alamar ragi a gaba, ta yadda duk lambar da ta fi kusa da sifili ita ce ta fi ƙarfi. Wanda ya ga -50 yana cikin yalwa. A wajen -67 har yanzu kiran murya da na bidiyo suna tafiya lafiya, shi ya sa masu shimfiɗa Wi-Fi a manyan gine-gine suke yawan ɗaukar wannan lamba a matsayin iyakar da ba sa son a gangara ƙasa da ita. Da zarar an wuce -70 abubuwa sun fara tangal-tangal, a -80 kuwa haɗin yana raye ne kawai da suna, domin siginar ta kusa nutsewa cikin hayaniyar da ke cikin iska. A kwamfutar Mac, idan aka danne maɓallin Option sannan aka latsa alamar Wi-Fi, lambar za ta fito kai tsaye da sunan RSSI, tare da ma'aunin hayaniya da tashar da ake kai. A Linux umarnin iw yana nuna ta. Shi Windows da kaso cikin ɗari yake bayarwa idan aka rubuta netsh wlan show interfaces, amma lissafin ba shi da wuya, domin kashi 100 yana daidai da -50 ko abin da ya fi shi ƙarfi, sifili kuma yana daidai da -100, saboda haka sai a raba kason biyu a cire 100.

Wani abu da ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna mini shi ne, wannan ma'auni ba a miƙe yake tafiya ba kamar ma'aunin tsawo. Duk ragin 3 yana nufin ƙarfin ya ragu da rabi, ragin 10 kuma yana nufin kashi ɗaya cikin goma ne ya saura. Da na auna a kan teburina, kwamfutar ta nuna kashi 44, wato kimanin -78, ita kuwa wayar, da na sa mata wata manhaja mai auna sigina, ta nuna -62. A ido tazarar 16 ba ta da wani girma, amma a haƙiƙa tana nufin abin da ke isa ga kwamfutar bai kai kashi ɗaya cikin talatin na abin da wayar take samu ba, alhali taku ɗaya ma babu a tsakaninsu. Na rubuta lambobin biyu a takarda, na kuma ƙudurta cewa duk gyaran da zan yi daga nan, ɗaya bayan ɗaya zan yi shi, in sake aunawa kafin in wuce zuwa na gaba. Wannan ita ce shawarar da na fi so mai karatu ya riƙe, domin wanda ya sauya abu biyar a lokaci guda, ko da ya dace, ba zai iya nuna wanda ya yi aikin ba, idan matsalar ta dawo kuma sai ya sake lalube daga farko.

Na fara da wurin da rautar take, domin shi ne gyaran da ba ya cin ko sisi, kuma shi ne ya fi yawan biyan bukata ga mafi yawan mutane. Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma wanda ya saba jin ana sanar da tashoshin gajeren zango a kan mita 19 ko mita 25 ya riga ya san tushen abin, sai dai ita igiyar Wi-Fi gajeriya ce ƙwarai, tsawonta kimanin santimita 12 da rabi a zangon gigahaz 2.4, kimanin santimita 6 kuma a zangon gigahaz 5. Ko a fili inda babu abin da ya tare ta, duk lokacin da nisa ya ninka biyu siginar tana raguwa da kimanin 6, wato kashi ɗaya cikin huɗu ne yake saura. A cikin gida kuwa bango ne babban mai cin ta. Katako da allon rufi ba sa yi mata illa sosai, bulo ya fi su, kankare mai rodi a ciki ya fi bulo, ƙarfe kuma mayar da ita baya yake yi kusan gaba ɗaya, shi ya sa firiji da kabad na ƙarfe da ƙofar ƙarfe, har da babban madubi saboda shafen da ke bayansa, duk suke zama katanga. Ruwa ma yana shanye ta, kuma jikin ɗan Adam mafi yawansa ruwa ne, don haka ɗaki mai cike da mutane ya fi ɗakin da babu kowa raunin sigina. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato igiyar da ta ratsa bango a karkace ta fi wadda ta ratsa shi kai tsaye cin kauri, ta yadda bango ɗaya zai iya zame mata kamar biyu ko uku idan rautar da kwamfutar suna kusan layi ɗaya da shi.

Tawa rautar a ƙasa take a lokacin, a kusurwar falo, bayan talabijin, saboda a nan wanda ya haɗa ta ya sami soket mafi kusa. Na tsawaita mata waya, na ɗora ta a kan kanta mai tsayin kafaɗar mutum, a wurin da ya fi kusa da tsakiyar gida, inda bango ɗaya kaɗai ya raba ta da ɗakin aikina maimakon biyu. Na kuma miƙar da eriyoyinta sama. Dalilin miƙewar shi ne, irin wannan eriya mai kama da sanda ba ta kan tsininta take harba sigina ba, ta gefe take bazawa, kamar zobe mai faɗi da aka zura wa sandar, saboda haka wanda ya nuna tsinin eriya ga ɗakin da yake so ya ba shi ɓangare mafi rauni ke nan. Idan gidan bene ne kuma ana son sigina ta hau sama ko ta sauka ƙasa, kwantar da ɗaya daga cikin eriyoyin yana taimakawa. Bayan wannan sauyi wayar hannuna ta koma -55, kwamfutar kuma -70. An sami ci gaba na gaske, yankewar ta ragu sosai, amma tazarar da ke tsakanin na'urorin biyu kusan ba ta motsa ba, kuma wannan ya ci gaba da yi mini ƙaiƙayi a rai.

A nan ne ya dace in faɗi abin da ya sa na janye daga sayen rauta mai ƙarfin harbi. Haɗin Wi-Fi zance ne tsakanin ɓangare biyu, kowanne yana magana kuma yana saurare, kuma kusan duk saƙon da rautar ta aiko sai kwamfutar ta mayar da amsa cewa ya iso. A ƙaddara mutum biyu suna kiran juna daga nesa, ɗaya yana riƙe da lasifika, ɗayan kuma da muryarsa kawai yake amsawa. Ƙara wa mai lasifika ƙara ba zai sa ya ji amsar ɗan'uwansa ba. Haka abin yake a nan, rauta mai ƙarfi tana iya cika sandunan da ke kan allo har mutum ya zaci an warke, amma idan kwamfutar ba ta iya mayar da murya, shafi zai ƙi buɗewa duk da cikar sandunan. Ita kuma na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta, wadda ake sayarwa a matsayin maganin komai, tana da amfaninta idan gida yana da faɗi, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ba a ɗakin da sigina ta mutu ake ajiye ta ba, a tsakiyar hanya ake ajiye ta inda har yanzu take samun sigina mai kyau, domin abin da ta karɓa shi za ta maimaita. Na biyu, wadda take da rediyo ɗaya tak dole ta saurara sannan ta maimaita a kan tasha ɗaya, kuma wannan yana rage gudun da kusan rabi. A ganina, duk inda za a iya jan kebul na intanet, wanda yake ɗaukar saƙo har nisan mita 100 ba tare da ya raunana ba, a kafa rauta ta biyu a ƙarshensa, hakan ya fi kowace na'urar maimaitawa inganci nesa ba kusa ba.

Daga nan na koma kan zango da tasha. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ƙa'idar farko ta wannan fasaha a 1997 da lamba 802.11, kuma gudunta a lokacin bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. Daga baya aka yi ta fitar da sababbi, har a 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sauƙaƙa sunayen, ta kira ƙa'idar 2009 da Wi-Fi 4, ta 2013 da Wi-Fi 5, wadda ta biyo bayansu kuma Wi-Fi 6. Abin da ya shafi mai fama da raunin sigina a cikin wannan tarihi shi ne, mafi yawan rautocin yanzu suna watsawa a zango biyu lokaci guda. Zangon gigahaz 2.4 ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma ya cika maƙil da na'urori. Zangon gigahaz 5 ya fi gudu kuma ya fi sarari, amma yana saurin gajiya idan ya haɗu da bango. Rautoci da yawa suna ba zangunan biyu suna ɗaya, su bar wa kwamfuta zaɓi, ita kuma wani lokaci takan manne wa wanda bai dace da wurin da take ba, ko ta riƙa kai-kawo tsakaninsu, kuma kowane sauyi yana iya jawo 'yar yankewa. Na shiga shafin saitin rautar ta wannan adireshi da na ambata a baya, na ba kowane zango sunansa daban, domin ni ne zan zaɓa bisa abin da na auna.

Batun tasha ya fi ba da sha'awa. A zangon 2.4 tazarar megahaz 5 ce kawai tsakanin tasha da tasha, alhali kowace rauta tana cin faɗin kimanin megahaz 20 idan tana watsawa, shi ya sa aka saba zaɓen tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11, waɗanda ba sa hawa kan juna. Umarnin netsh wlan show networks mode=bssid yana jero dukkan rautocin da ke kusa, da tashar kowace da ƙarfinta. Mutum zai zaci cewa idan maƙwabta sun cika 1 da 6, to hikima ita ce ya raɓe a 3 ko 4 inda babu kowa, amma wannan kuskure ne. Na'urorin da ke tasha ɗaya suna jin juna, kowace tana jira ɗaya ta gama kafin ta yi magana, wato akwai tsari ko da akwai jira. Wanda ya tsaya a tsakani kuwa yana shan hayaniya daga ɓangarori biyu, shi ma yana zame musu hayaniya, sai saƙonni su riƙa lalacewa ana sake aika su. Saboda haka sai a zaɓi ɗaya daga cikin ukun nan wadda maƙwabcin da ke kanta ya fi rauni, a kuma tsayar da faɗin tasha a megahaz 20 maimakon 40, domin a wuri mai cunkoso faɗin 40 ya fi jawo matsala fiye da amfanin da yake kawowa.

Hayaniyar ba daga maƙwabta kaɗai take zuwa ba. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana aiki ne a gigahaz 2.45, wato a tsakiyar zangon, kuma ɗan abin da ke tsiyayowa daga gare ta ya isa ya dagula haɗin da ke kusa muddin tana kunne. Bluetooth ma a wannan zango yake. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na USB 3.0, domin a 2012 kamfanin Intel ya fitar da bayani cewa na'urori da wayoyin wannan mahaɗa suna fitar da hayaniya da ke faɗawa cikin zangon 2.4. Wanda yake jona ma'ajiyar bayanai ta waje a gefen kwamfutarsa, sai ya gwada cire ta ko nisanta ta ya ga ko an sami bambanci. Akwai kuma masu ɗora takardar alminiyam a bayan eriyar rauta, kuma abin ba tatsuniya ba ce, domin a 2017 masu bincike a Kwalejin Dartmouth da ke Amurka sun nuna cewa faifan da aka tsara siffarsa aka lulluɓe da alminiyam yana iya karkatar da sigina zuwa ɗakin da ake so. Sai dai ba ya ƙara ƙarfi, abin da zai tafi baya ne yake turowa gaba, saboda haka ɗakunan da ke bayansa su ne za su biya.

Ɓangaren saitin kwamfuta bai ɗauke ni lokaci ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan rage wa katin Wi-Fi, wato ɗan faifan da ke kama sigina a cikinta, wuta idan tana kan batir domin caji ya daɗe, kuma gwajin wannan shi ne a jona caja a sake aunawa. Idan an ga bambanci, sai a shiga Device Manager, wato shafin Windows da ke jero kayan cikin kwamfuta, a nemo katin a ƙarƙashin Network adapters, a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tanadin wuta, a kuma tabbatar ƙarfin harbinsa yana matakin ƙoli. Yana da kyau a sabunta manhajar da ke tuƙa katin, wadda ake kira direba, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko katin, ba daga kowane shafi da ya yi alkawarin gyara ba. Na yi duk wannan, lambar ta tsaya a inda take.

Da na kawar da waɗannan duka, abin da ya rage shi ne jikin kwamfutar kanta, kuma a nan ne bakin zaren yake. A mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka, eriyoyin Wi-Fi suna cikin murfi ne, a saman allo ko a gefensa, domin nan ne wuri mafi tsayi kuma mafi nisa daga hayaniyar sauran kayan ciki, ko da yake wasu masu jikin ƙarfe sukan sa su kusa da gaɓar da murfin yake juyawa a kanta. Shi ya sa wanda ya rufe murfi yana aiki da babban allo na waje yakan ga siginarsa ta ragu, kuma shi ya sa juya kwamfutar kaɗan a kan teburi yake iya sauya lambar. Shi kuwa katin Wi-Fi yana can ƙasa a jikin babban faifan kwamfutar, kuma abin da ya haɗa shi da eriyoyin wasu siraran wayoyi ne, galibi biyu, ɗaya baƙa ɗaya fara, waɗanda suke ratsa wannan gaɓa da ake buɗewa ana rufewa kullum. Kowace waya tana ƙarewa da wani ɗan mitsitsin maɓalli na ƙarfe da ake dannawa a kan katin. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, ko da wayar ta cire, katin yana iya kama sigina idan yana dab da rauta, don haka mai gwadawa a kusa zai ce lafiya lau, sai an koma ɗaki na biyu abin ya bayyana. Alamar wannan cuta ita ce ainihin abin da na gani tun farko, wato tazara mai girma wadda ba ta sauyawa tsakanin kwamfutar da wata na'ura a wuri ɗaya. A nan ne kuma na tuna cewa matsalar ta fara ne jim kaɗan bayan an buɗe kwamfutar an share ƙurar da ta taru a fankarta.

Na kashe ta, na cire caja, na kwance murfin ƙasa, na zare mahaɗin batir kafin in taɓa komai, na kuma taɓa wani ƙarfe domin in sauke wutar da kan taru a jikin mutum. Ina duban katin sai ga waya ɗaya ta fita daga mazauninta tana kwance a gefe. Da na bi ta biyun da ido zuwa gaɓar murfi, sai na tarar ta matse a wurin, rigarta ta goge har ana hango ƙarfen ciki. Mayar da ta farkon yana bukatar nutsuwa fiye da ƙarfi. Sai an daidaita maɓallin sosai a kan mazauninsa sannan a danna shi ƙasa a miƙe da wani abu na roba har a ji ya shiga, idan kuma ya ƙi, to bai daidaita ba ne, kuma tilasta masa yana lanƙwasa shi ko ya ɓalle mazaunin daga jikin katin. Ina jan hankalin mai karatu cewa idan kwamfutarsa tana cikin garanti, ko kuma bai saba kwance irin waɗannan kaya ba, ya kai wa mai gyara ya gaya masa takamaimai cewa wayoyin eriya yake so a duba, kada garin neman gira a rasa ido. Da na rufe na kunna, lambar ta tashi daga -70 zuwa -57 a kan teburin nan dai, kuma saƙonni 50 na gwajin ping duk suka dawo.

Waya ta biyun ban taɓa ta da kaina ba, domin sauya ta yana bukatar a kwance allo, sai na kai wa mai gyara ya sa sabuwa. Amfaninta bai bayyana sosai a ƙarfin sigina ba, a gudun haɗi ya bayyana, kuma akwai dalili. Katin da ke da eriya biyu yana iya aika saƙo ta hanya biyu a lokaci guda. A ƙa'idar Wi-Fi 5 da faɗin tasha na megahaz 80, hanya ɗaya tana kaiwa megabit 433 a daƙiƙa, biyu kuma 867, a zangon 2.4 da ƙa'idar Wi-Fi 4 da faɗin megahaz 20 kuwa lambobin 72 ne da 144. Umarnin netsh wlan show interfaces yana nuna gudun haɗin a layin Receive rate, saboda haka wanda katinsa da rautarsa duk masu hanya biyu ne, amma ya ga ko a kusa da rauta gudun ba ya wuce na hanya ɗaya, yana da dalilin zargin ɗaya daga cikin eriyoyinsa.

Wanda ya buɗe ya tarar da wayoyinsa lafiya, kuma katin ne ya tsufa ko ya lalace, yana da mafita biyu. Zai iya sauya katin, domin a kwamfutoci da yawa ɗan ƙaramin faifai ne mai faɗin milimita 22 da tsawon 30, irin wanda ake kira M.2, da ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, kuma irin su Intel AX200 suna kawo Wi-Fi 6 ga kwamfutar da ba ta zo da shi ba. Sai dai a duba abu uku kafin a saya. Tsofaffin kwamfutoci suna amfani da wani mazauni daban mai suna Mini PCIe, wanda maɓallan eriyarsa ma sun fi girma, wasu sababbi kuma an narka katin ne a jikin babban faifai ba ya ciruwa, sannan akwai kwamfutocin da ba sa karɓar kati sai wanda kamfaninsu ya amince da shi. Mafita ta biyu ita ce ƙaramar na'urar Wi-Fi da ake jonawa ta USB, kuma a nan ina ba da shawarar mai eriya a waje maimakon 'yar mitsitsiyar da ke ɓoyewa a jikin kwamfuta, domin eriyar da ke cikin ƙaramar ba ta da girman da za ta kama sigina daga nesa. Idan aka haɗa ta da wayar tsawaita USB mai tsawon mita ɗaya ko biyu, ana iya ɗaga ta sama ko a kai ta bakin ƙofa inda sigina ta fi kyau, a kuma nisanta ta daga hayaniyar mahaɗar USB 3.0, kwamfutar kuma tana nan a kan teburi. Bayan an jona ta sai a kashe katin ciki a Device Manager, domin kada kwamfutar ta ci gaba da bin tsohuwar hanyar, sannan a sake aunawa a daidai wurin da aka yi awon farko.